Ɗigon Baƙin Mai a Gindin Inji: Amanar Bakanike da Mai Fito, Daga Shanono Zuwa Bakin Watari

Wanda duk ya taɓa yin sammako zuwa wata fadama a ƙasar Shanono cikin watannin rani, sa'ad da hazo bai gama washewa ba, masu lambu kuwa suna ta haramar tayar da injunan ban-ruwa, da wuya a ce bai ga abin da zan faɗa ba. Manomi zai ɗaga injinsa daga inda ya kwana, sai ga wani baƙin tabo a kan yashi, faɗinsa bai wuce na tafin hannu ba, yana ta sheƙi. Zai dube shi kallo ɗaya, ya sa ƙafa ya turo ƙasa ya binne, ya kwance murfin geji ya ƙara ɗan mai daga wata tsohuwar gora, ya ja igiya, inji ya ɗauka, magana ta wuce sai kuma gobe. In ka yi masa zancen, amsarsa ba ta wuce cewa ɗan naso ne kawai, tun bara ma haka yake yi.

Wannan tabo da ake binnewa da ƙafa shi ne maƙasudin wannan rahoto, domin kuwa shi ne gargaɗi na farko da inji ke yi wa mai shi, kuma galibi shi ne na ƙarshe kafin ya buga. A kan tudu, wanda ya ƙi jin gargaɗin dukiyarsa ce za ta tafi: tumatir ya yi yaushi, albasa ta ƙone, kuɗin taki ya bi ruwa. Amma akwai inda irin wannan ɗigo yake sauka a kan katakon kwale-kwale, a ƙarƙashin ƙafafun mata da yara, gaɓar da aka baro ta yi nisa, wadda aka nufa kuma ba a kai ba. A nan hasarar ta wuce ta dukiya.

Ruwan maƙwabta

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mutumin Shanono da injin jirgin ruwa, alhali ƙasarsa ƙasar tudu ce, ta gero da dawa da gyaɗa da wake, inda gonaki suka manne da juna tun daga Faruruwa har Kokiya, daga Alajawa har Tsaure, ba ka rabuwa da ganin rumbu ko kukar wani gida? Amsar tana maƙwabta. Shanono da Bagwai mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya, auratayya da cin kasuwa kuwa sun haɗa su tun kafin a san wani abu wai shi mazaɓa, kuma a ƙasar Bagwai ne madatsar ruwan Watari take. An gina ta tsakanin 1977 da 1980, a cikin jerin madatsun da Jihar Kano ta duƙufa a kansu tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda a lokacinsa aka kammala ta Tiga a 1974. Da ruwa ya taru ya kwanta, sai ya raba ƙauyuka da garin da suka saba zuwa da ƙafa, ta haka fito ya zama sana'a a wurin da kakanni ba su san shi ba, manoma suka koyi su, masu jaki suka koyi tuƙi.

Babu wanda zai ambaci fiton Watari ba tare da zuciyarsa ta sosu ba. Ranar Talata, 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da ya taso daga Badau ya nufi Bagwai ya kife, aƙalla mutum 29 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu ɗaliban Islamiyya ne da suka fito don halartar Mauludi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Hukumomi sun ɗora alhakin abin a kan lodi fiye da ƙima, saboda haka ba na jingina wannan musiba ga inji, kuma bai halatta in faɗi abin da ba shi aka tabbatar ba. Abin da ya sa na kawo ta shi ne, tun daga ranar kowa ya fahimci cewa jirgin fito ba ya yafe kuskure. Jirgin da ya yi nauyi, muddin injinsa na aiki, matuƙi na iya fuskantar da goshinsa ga igiyar ruwa. Da zarar inji ya mutu a tsakiya, iska ce za ta juya shi ta ba igiya gefensa, fasinja su firgita su karkata wuri guda, sauran labarin kuwa sananne ne daga Warra ta Jihar Kebbi a 2021 har Patigi ta Jihar Kwara a 2023, inda aka yi hasarar rayuka masu yawan gaske a Kogin Kwara.

Abin lura kuma shi ne, hannun da ke kwance injin ban-ruwa a gindin bishiya ranar kasuwa, sau da yawa shi ne ake kira idan na jirgi ya yi gardama, kayan gyaran duka biyun kuwa daga Ƙofar Ruwa ta birnin Kano ake sayo su. Ɗabi'ar da bakanike ya saba da ita a lambu, mai kyau ko maras kyau, da ita zai tafi bakin ruwa.

Inda mai yake kwana

Kafin a yi maganar gyara, wajibi ne a san cewa injunan nan iri biyu ne, domin jahiltar wannan bambanci ya kashe inji ba adadi. Injin maƙalawa a bayan jirgi, wanda Ole Evinrude ya shahara da ƙera shi a Amurka tun 1909, kamfanin Yamaha na Japan kuma ya shiga yin sa a 1960, ya daɗe yana zuwa a matsayin mai bugu biyu. Irin wannan ba shi da kwanon mai ko kaɗan. A cikin fetur ake gauraya masa mansa, galibi lita 1 ga lita 50, watau rabin lita ga tanki mai cin lita 25, ya sha su tare, ya ƙone su tare. Shi ne ya fi yawa a hannun masu fito da masunta a ƙasar nan, saboda sauƙin nauyinsa da sauƙin gyaransa. Wanda ya rage masa mai don tsimi, ko ya zuba masa baƙin man da aka juye daga mota, ya yanke wa fistan da ringi hukunci da hannunsa.

Na biyu shi ne mai bugu huɗu, wanda Honda ta fara fitar da na jirginsa a 1964, kuma danginsa ne injin mota, da na ban-ruwa, da na markaɗe, da manyan injunan dizal da ake girkawa a cikin cikin jirgi. Wannan yana da matattarar mai a ƙasansa, wadda a mota da manyan injuna take zuwa kamar kwano mai zurfi da aka kife aka ɗaure da notuna, kanikawa na ce mata botom filet. A nan mai yake kwana, daga nan famfo ke zuƙo shi ya watsa wa ƙaranshaf da metal da fistan, ya sanyaya su, ya wanke musu dauɗa, kana ya gangaro ya koma mazauninsa. Ƙaramin injin ban-ruwa shi ba shi da famfon mai ma. Wani ɗan cokali ne a gindin sandar fistan yake tsoma kai cikin mai yana fantsama shi sama, man duka kuwa bai wuce mililita 600 ba a irin wanda ya fi yawa a lambunanmu. Inji mai wannan ɗan guzuri, in yana zubar da cokali biyu ko uku kullum, kuma aka girke shi a karkace a kan gangaren rafi yadda cokalin ba ya iske mai, kwanakinsa ƙididdigaggu ne.

Ko mai bugu biyun ma bai tsira daga yoyo ba, don kuwa akwai man giya a ƙafarsa, can ƙasa kusa da farfela. Zaren koma ko na fatsa da masunta suka yar yakan naɗe a bayan farfela, ya yi ta cin robar da ke tare mai har ya yanke ta, mai ya fita, ruwa ya shiga. Wanda ya kwance notin ƙasa ya ga man ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, to ruwa ya riga ya shiga, kuma haƙoran giya na gab da lalacewa.

Neman asalin ciwo

Babban abin da ke raba gwanin bakanike da ɗan koyo shi ne haƙurin bincike. Mai ruwa-ruwa ne, ƙasa yake bi, saboda haka duk inda ya ɓullo a jikin inji a gindi zai taru, kwano kuwa ya ɗauki laifin da sau da yawa ba nasa ba ne. Na taɓa zama na kalli wani dattijon bakanike yana wannan aiki, ban kuwa manta da natsuwarsa ba. Bai taɓa sifana ba sai da ya sa yaronsa ya wanke injin tas da kananzir, aka goge, aka bar shi a rana ya bushe. Sa'an nan ya barbaɗa masa toka mai laushi tun daga sama har ƙasa, ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashi, ya tayar da shi ya bar shi yana aiki, shi kuwa ya tsuguna yana kallo kamar mai jiran fitowar gafiya. Can sai ga wani siririn baƙin layi ya keto tokar. Ya bi shi da yatsa zuwa sama har inda ya faro, ashe robar bakin ƙaranshaf ce ta gaji, kwanon da mai injin ya zo da niyyar canzawa lafiyarsa ƙalau.

Idan bincike ya tabbatar daga kwanon ne, to dalilan ba su da yawa. Ko dai gasket ɗin da ke tsakaninsa da jikin inji ya bushe ya tsage saboda zafi da daɗewa. Ko notin juye ya cinye zarensa saboda kowane mai juye yana ɗaure shi da iyakar ƙarfinsa, ba a kuma taɓa canza masa washa ba. Ko kwanon ya bugu da dutse ya tsage. Ko kuwa tsatsa ta ci shi. Wannan na ƙarshe shi ne ciwon injin da ke zaune a cikin jirgi, domin gindinsa kullum yana cikin ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi, yau da gobe kuwa ba ta bar komai ba, sai ƙarfe ya yi ƙuraje, ƙurajen su zama ƙofofi kamar na allura. Akwai kuma dalili na ɓoye, watau iska da ke taruwa a cikin inji idan ringi ya ci ko bututun numfashinsa ya toshe, ko aka cika mai ya haura alamar geji. Irin wannan ko sau goma aka sa sabon gasket sai ya tura mai waje, domin ba a taɓa asalin ciwon ba.

Toshiya da gyara

A nan ne hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce toshiya: a shafa sabulu, a liƙa aradait a kan ƙarfen da ke jiƙe da mai, a naɗa leda ko zare a notin juye, a ƙara ɗaure notuna har sai sun yi ƙara. Ba na zargin wanda lalura ta kama shi a tsakiyar ruwa ko a ƙarshen ban-ruwa ya yi haka don ya kai gaɓa, lalura tana da hukuncinta. Abin zargi shi ne a mayar da dabarar yini ɗaya ta zama gyaran shekara. Gam ba ya kama ƙarfe mai maiƙo, zafi da girgiza kuwa za su ɓamɓare shi a ranar da ba a zata ba. Ƙara ɗaure noti kuma lanƙwasa leɓen kwano yake yi, ya matse gasket ya fitar da shi gefe, yoyon da ake gudu ya ninka.

Hanya ta biyu tana da wahala, ita ce kuwa gyara. Ana juye man tun inji na da ɗumi, a tare shi a mazubi. In babban inji ne na cikin jirgi, la budda sai an kwance shi daga mazauninsa an ɗaga shi da sarƙa, don kwanon na dab da katakon ƙasa, hannu ba ya shiga. In na maƙalawa ne mai bugu huɗu, sai an sauke kan injin gaba ɗaya kafin a iske matattarar man. In na ban-ruwa ne, murfin gefe ake buɗewa. Wannan wahala ita ce dalilin da ya sa ake ta ɗaga aikin daga wannan mako zuwa wancan. Bayan an kwance notuna, ba a zura sukundireba a ɓanɓaro kwano da ƙarfi, sai a bubbuga shi a hankali da katako har ya saki. A kankare tsohon gasket sarai ba tare da an ji wa fuskar ƙarfe rauni ba, a wanke cikin kwanon, a kuma duba abin da ya kwanta a gindinsa, domin in an ga garin ƙarfe yana ƙyalli, to metal ya fara ci, aikin ya wuce na kwano. Sa'an nan a kifa shi a kan gilashi ko wani abu mai shafaffiyar fuska a ga ko leɓensa ya karkace.

Daga nan sai shawara: a gyara ko a canza? Leɓen da ya ɗan lanƙwashe ana iya daddale shi. Ramin notin da ya cinye zare ana iya fitar masa da sabon zare a sa noti mai ɗan girma. Tsaga guda a kwanon baƙin ƙarfe mai walda na iya ɗinke ta, da sharaɗin an cire kwanon an wanke shi tas, don kusantar da wuta ga mazubin da ke da tururin mai ganganci ne da rai. Na alminiyom kuwa ba kowane mai walda ke iya masa ba, don ya sha mai har cikin jikinsa. Amma kwanon da tsatsa ta yi wa ƙofofi barkatai, wanda in ka ɗaga shi ga rana sai ka ga haske na ratsowa, ba shi da magani sai canji, ko da na hannu ne mai lafiya. A toshe nan gobe can ya ɓalle. Wajen mayarwa, gasket na ainihi ya fi wanda aka yanka daga kwalin taliya, gam kuwa ɗan kaɗan ake shafawa inda ya kamata, don rarar da ta matso ciki takan gutsure ta toshe rariyar famfon mai. Notuna ana fara ɗaure su da hannu, kana a bi su da sifana daga tsakiya zuwa gefe, wannan na fuskantar wancan, zagaye biyu ko uku, ba tare da nuna ƙarfi ba. A ƙarshe a zuba sabon mai daidai geji, a tayar, a sake shimfiɗa farin kwali, kada a sallami inji sai kwalin ya kwana fari.

Na san abin da mai inji zai ce, kuma yana da hujja. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, komai na inji ya yi tashin gwauron zabo, har wasu masu lambu sun koma gas, wasu sun koma famfon hasken rana. Sai dai lissafin a fili yake: wanda ke ƙara mai kullum, cikin 'yan makonni ya biya kuɗin gasket da ladan bakanike bai sani ba, ranar da injin ya buga kuwa sai ya sayi ƙaranshaf da metal da fistan, ko ya sayar da akuya ya nemi sabo a tsakiyar rani. Araha dai ba ta ado.

Abin da malamai suka karantar

Magabatanmu ba su san inji ba, amma sun san amana, sun kuma yi mata babi. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda har yau ake karantawa a zaurukan ƙasar Kano, an tabbatar da lamuni a kan masu sana'a game da kayan da aka damƙa musu suka keɓanta da su, ko da lada suka yi aikin ko kyauta, hikimar kuwa ita ce tsare maslahar jama'a, don kada dukiyar mutane ta zama abin wasa a hannun wanda ba a iya sa masa ido. A wurin kuma aka bayyana cewa mai jirgi ba ya cancantar kuɗin haya sai ya isar da abin da ya ɗauka, sassaucin da aka yi masa na rashin biyan abin da ya halaka kuwa, malamai sun bayyana na wanda bai yi ta'adi ko sakaci ba ne. To mutumin da ya ga mai na ɗiga tun makon jiya, ya sani sarai, ya loda bayin Allah ya tura jirgi, da wane baki zai ce ƙaddara ce tsantsa? Ƙaddara gaskiya ce, imani da ita wajibi ne, amma tawakkali bayan ɗaure raƙumi yake zuwa.

Akwai kuma haƙƙin ruwan kansa. Yaron da ya karanta Ahalari ya san cewa ruwan da maiƙo ya canza wa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba a tsarki da shi. Man da ya taru a ƙasan jirgi, da kwano ake kwashe shi tare da ruwa a watsa cikin madatsa. Wanda aka juye a bakin rafi, damina ce za ta wanke shi ta kai shi can. Ɗigo kaɗan ke shimfiɗuwa ya rufe fuskar ruwa mai faɗi da wannan launi mai kama da bakan gizo, ruwan nan kuwa shi ake ba shinkafa da alkama da tumatir, shi shanu ke sha, cikinsa ake kama kifin da ake soyawa a kasuwanninmu, daga gare shi kuma ake tace na sha. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da gubar ƙarafa, saboda haka a tara shi a jarka mai murfi a kai wa masu sayensa, kada a zubar a ƙasa, kada kuma a shafa wa dabba a miki kamar yadda wasu ke yi.

Kira

Ga shugabannin masu fito da sarakunan ruwa, waɗanda su ne ke bakin mashigi kullum, ba jami'an Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa da ke da hedkwata a Lokoja ba, ina roƙon su mayar da duba inji ka'ida kamar ƙidayar fasinja da sa rigar kariya: a zaro geji, a leƙa ƙasan jirgi, a duba bayan farfela, a tabbatar akwai filafili da gora, kafin ƙafar kowa ta taka jirgi. Ga ƙananan hukumomin Shanono da Bagwai, horar da matasan kanikawa a kan waɗannan ƙananan injuna abu ne mai sauƙin kuɗi, amfaninsa kuwa zai game lambu da mashigi baki ɗaya. Ga bakanike, ka faɗa wa mai inji gaskiya ko da ba ita yake son ji ba, in toshiya ka yi ka ce toshiya ce, kada ka karɓi ladan gyara a kanta.

Kai kuma ɗan'uwa mai inji, gobe da safe in ka ɗaga shi ka ga baƙin tabo a ƙasa, kada ka sa ƙafa ka binne. Ka tsuguna ka nemi inda ya fito, ka kai shi a gyara tun yana ɗigo. Allah ya tsare mu a tudu da ruwa, amin.